Fitilar Tayar da Aka Rufe da Sitika

Amatullahi na tsakar gida tana tsince wake, Gwaggo na kan tabarma tana jan carbi, sai ga Almustapha ya shigo yana kaɗa makullin mota a yatsa. Ko gaisuwa bai gama ba ya dubi ƙanwarsa ya ce ta gaya wa mai facinta ya share rumfa, gobe zai kawo masa aikin da bai taɓa gani ba. Amatullahi ta sunkuyar da kai, idonta ya cika. Saura wata biyu bikinta da Ubaidullahi, an kawo kayan sa rana an raba goro, amma har yanzu a bakin yayanta sunansa mai faci.

Gwaggo ta yi dariya ta ce ai wasa yake yi. Kullum haka take cewa. Yayar mahaifinsu ce, ita ta ɗauki Almustapha riƙo tun ranar da aka yaye shi, kuma tun da mahaifiyarsu ta rasu ta dawo gidan da zama. In Almustapha ya mari mutum, Gwaggo cewa za ta yi fuskar ce ta shiga hannunsa.

Motar kuwa ta Alhaji Bature ce, mahaifinsu, dillalin masara da auduga a Funtuwa. Ya gaji da layin gidan mai, ya sayo mota mai caji, ya jera farantan sola a kan rufin sito. Ba ta shan mai, ba ta ƙara, sai dai ka waiga ka gan ta a bayanka. Alhaji bai iya tuƙi ba, don haka makulli ya zauna a aljihun Almustapha, kansa kuwa ya ƙara girma.

Washegari da hantsi ya faka a rumfar Ubaidullahi da ke bakin hanyar Zariya. Ubaidullahi ba ƙaramin mai sana'a ba ne, ya yi difloma a kan aikin mota, yana da injin cire taya da na daidaita ta. Almustapha ya buɗe but ya nuna masa rim huɗu masu walƙiya da siraran tayoyi, na hannu, ya sayo su a Kaduna. Ranar Asabar abokinsa zai angwance a Malumfashi, yana so ya shiga garin a san ya shigo.

Ubaidullahi ya juya rim ɗaya, ya leƙa gindin bawul, inda ake ba taya iska, ya daɗe yana kallo.

"Yaya, akwai matsala," in ji shi a hankali. "Kowace ƙafa ta motar nan tana da 'yar na'ura a ciki, sensa, ita ke gaya wa motar yawan iskar da ke cikin taya. Waɗannan ma suna da nasu, amma na wata mota ne daban. Wannan motar ba za ta ji su ba. Ko iska ta tsiyaye, ba za ta iya gaya maka ba."

Ya cire sensa guda daga tsohuwar ƙafa ya gwada a sabon rim, ta ƙi zama, ramin ba ɗaya ba ne. Ya yi masa bayani cewa sai an yi odar waɗanda suka dace, a kai motar Kano a haɗa su da kwamfutarta, aikin mako guda ne ko fiye. Ya ƙara da cewa batir ya sa motar ta fi 'yan'uwanta nauyi nesa ba kusa ba, siririyar taya kuma ko ta yi sanyi ido ba ya ganewa.

Akwai direbobi uku a kan benci suna jiran aiki. Almustapha ya dube su, ya dubi Ubaidullahi, ya ɗaga murya.

"Ni za ka koya wa mota? Tun ba a ba ka yarinyar ba ka fara musu da surukanka? In ba ka iya ba ka faɗa."

To a nan ne nake ganin laifin Ubaidullahi, kuma ba zan ɓoye ba. Ya san gaskiya sarai. Amma a ƙasarmu wanda ke neman aure a gida ba ya ce wa yayan yarinya a'a, balle a gaban mutane. Sai ya haɗiye maganarsa, ya ɗauko jak, ya ɗaura ƙafafun nan huɗu da hannunsa. Ya ba su iska daidai, ya roƙe shi ya riƙa aunawa kafin kowace tafiya. Almustapha ko waiwaye bai yi ba.

Da yamma Ubaidullahi ya kira Amatullahi ya gaya mata komai. Ta ce ya zo ya sami Baba. Ya ce ta yaya zai kai ƙarar Yaya wurin Baba, ai sai a ce bai da tarbiyya. Ita ma ta yi niyyar faɗa, har ta kai ƙofar falon Alhaji da kwanon abinci, sai ta tuna za a ce ta fara kare saurayi a kan ɗan'uwanta. Ta ajiye kwanon ta fito.

Ranar Asabar Gwaggo ta ce a sauke ta a Malumfashi, jikarta ta haihu. Ta shiga gaba ta zauna. Tun kafin su bar gari wata fitila mai ruwan ɗorawa take ci a jikin sikirin, har da rubutu a ƙasanta. Gwaggo ta tambaya ko mene ne. Almustapha ya ce iyayin mota ne kawai. Ya ɓare ɗaya daga cikin sitikun bikin, mai hoton ango da amarya, ya manna a kai.

Ƙusa ce ta shiga tayar baya, Allah kaɗai ya san a ina. Iska na fita a hankali, Almustapha na taka wuta, tayar na ɗaukar zafi a ƙarƙashin nauyin batir. Sun wuce Bakori kaɗan ta fashe. Motar ta ƙwace, ta faɗa rami, ta kwanta a cikin gonar masara. Almustapha ya fito da ƙurjewa a gwiwar hannu. Gwaggo kuwa ƙugunta ya karye.

Kwana uku bayan haka Alhaji ya aika aka kira Ubaidullahi da kawunsa Malam Shitu. Aka zauna a zaure. Almustapha ya rantse cewa mai facin bai ce masa komai ba, ɗaurawa kawai ya yi ya ce lafiya lau. Alhaji ya juya.

"Kai ka ɗaura ƙafafun nan?"

"Ni ne, Baba."

"Ka san akwai matsala a jikinsu?"

"Na sani."

"Ka sani, ka ɗaura, 'yar'uwata ta shiga?"

Malam Shitu ya zunguri Ubaidullahi da gwiwar hannu don ya yi magana. Ubaidullahi ya buɗe baki, ya dubi Almustapha, ya dubi Alhaji, ya mayar da kai ƙasa. Ta yaya zai ce a gaban uba ɗansa maƙaryaci ne? Harshensa ya ƙi. Alhaji ya miƙe ya ce wanda ya yi wasa da ran mutum ba zai riƙe masa 'ya ba. Kafin la'asar an mayar da kayan sa rana a cikin Keke Napep, unguwa na kallo.

Amatullahi ta durƙusa a gaban mahaifinta tana kuka, ta rantse Ubaidullahi ya yi gargaɗi, ita kanta ya gaya mata. Alhaji ya dube ta da jajayen idanu ya tambaye ta, in har ta sani, me ya hana ta faɗa tun kafin Asabar? Wannan tambayar ta fi mata zafi a kan mayar da kayan.

Bayan wata guda aka dawo da Gwaggo daga asibiti a Zariya, a kwance. Duk wanda ya tambaye ta yadda abin ya faru sai ta ce ita ba ta tuna komai ba. Ta tuna. Amma ɗan da ta goya ne, kuma ta san in ta buɗe baki Alhaji ba zai ƙara kallonsa da daraja ba.

Amatullahi ce ta ɗauki jinyar. Ita ke juya ta, ita ke yi mata wanka, ita ke fitar da fo, ita ke dama mata kunu ta ba ta a baki. Ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. Ba ta taɓa ce wa Gwaggo uffan a kan maganar ba, ko da yake zuciyarta na gaya mata tsohuwar ta san wani abu. Almustapha kuwa in ya zo sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ya jiki, ya ce warin magani na sa shi ciwon kai, ya wuce. Manema biyu suka fito wa Amatullahi, ta ce wa Alhaji ya yi mata haƙuri har Gwaggo ta tashi.

A gari kuma labari ya bazu cewa mai facin hanyar Zariya ya kusa kashe tsohuwa. Direbobi suka daina tsayawa a rumfarsa. Duk da haka kowace Juma'a bayan masallaci yana zuwa ƙofar gidan, ya aika a gaishe da mai jiki, a ce masa an ji, ya juya. A wata na huɗu ya haɗa keken marasa lafiya da hannunsa, da ƙarfe da tayoyin keke, ya ba wata maƙwabciya ta shigar da shi. Gwaggo ta san daga inda ya fito. Ta hau, aka fara fito da ita tana shan hantsi.

A wata na bakwai Ubaidullahi ya turo wa Amatullahi saƙo a waya. Ya sami mai sayen injinansa, ranar Litinin zai tafi Legas, Funtuwa ta ƙi shi. Ya ce ta yafe masa, ta auri wanda Baba ya yarda da shi.

Tana cuɗa wa Gwaggo baya a safiyar Asabar hawaye suka riƙa ɗiga a kafaɗar tsohuwar. Gwaggo ta tambaya, ta ce sabulu ne. Ta matsa mata, sai ta faɗa. Gwaggo ta bari aka gama wankan, aka shafa mata mai, aka ɗaura mata zane. Sannan ta ce a kira mata Bature, kuma a kira Almustapha.

Suka zo. Ba ta dubi ɗan riƙonta ba, ƙanenta ta duba.

"Bature, na yi maka ƙarya wata bakwai. Motar ta yi ta nuna fitila tun daga gida, ya rufe ta da sitika a gabana. A hanya ya kira abokinsa yana dariya, yana cewa mai faci ya so ya hana shi, ya zage shi ya ɗaura dole." Ta tsaya ta numfasa. "Wannan duk na iya haɗiye shi. Abin da ya hana ni barci shi ne, da muka faɗi, ina kiran sunansa, ƙafata a danne, bai fara jawo ni ba. Sai da ya miƙa hannu ta kaina ya ɓare sitikar nan ya sa a aljihu."

Almustapha ya ce tsufa ne da ciwo suka rikita ta. Gwaggo ta ɗago ta dube shi sau ɗaya, ya kasa ƙarasa maganar, ya fice. Alhaji ya zauna a bakin gado kamar an zare masa laka.

Da azahar ya hau Keke Napep shi kaɗai ya tafi hanyar Zariya. Ya tarar da Ubaidullahi yana kwance injin. Ba zan yi muku ƙarya in ce Alhaji ya ba da haƙuri ba, irinsu ba sa bayarwa. Cewa ya yi ya mayar da injin nan inda yake, ya gaya wa kawunsa ya zo gida gobe. Ubaidullahi ya durƙusa a cikin baƙin mai ya yi godiya, hawaye na zuba.

Bayan sati uku aka ɗaura auren, ba kiɗa ba taro, don amarya ta ce ba za a yi shagali Gwaggo na kan keke ba. Da za a kai ta ɗakinta, Gwaggo ta sa aka kira su su biyu ta riƙe hannuwansu. Ta ce sun yi haƙuri, kuma ga shi Allah bai bar su ba. Amma su riƙe abu ɗaya: kunyar da za ta hana mutum faɗin gaskiya a lokacin da gaskiyar za ta yi amfani ba tarbiyya ba ce. Shi ya yi shiru, ita ta yi shiru, ita ma Gwaggo ta yi shiru, kowa yana ganin kirki yake yi, ga inda ya kai su.

Ciniki ya dawo wa Ubaidullahi sannu a hankali, Amatullahi ta haihu a shekara ta biyu. Gwaggo ba ta ƙara takawa ba. Almustapha ya tattara ya koma Abuja tun kafin ɗaurin auren, yana gaya wa mutane tsohuwar da ta raine shi ce ta tona masa asiri. Ba ya kiran ta, ko da Sallah. Ita kuwa har yau, in tana shan hantsi a tsakar gida ta ji sallamar namiji a zaure, sai ta gyara ɗankwali ta tambayi wanda ke kusa ko shi ne.