Sawu a Kan Toka

"Halliru, mi kaka barbaɗawa ƙohwar gidanmu?"

Ya miƙe da sauri yana ɓoye leda a bayansa. Toka ce, ya shimfiɗa ta lumui a bakin zaure.

"Sanyin idona... ki hidda takalmi ki taka, sau guda ɗai. Gwaggo Tani na cikin mota, za ta duba."

Bara'atu ta tsaya kallonsa. Shekara biyu tana sonsa, saura kwana tara ɗaurin aurensu, ga shi ya ɗauko tsohuwa tun daga Sabon Birni har Isa a duba ko tana da farar ƙafa, irin matan da ake cewa suna tsiyata miji!

Ta san ciwon nasa. Tun da mahaifinsa ya karye a fatauci, Halliru ya ɗora laifin a kan ƙafar mahaifiyarsa. Taya ta fashe a hanyar Maraɗi, ƙafar mace ce. Albasa ta ruɓe, ƙafar mace ce. Ƙato da gemu, amma ko gaisuwa zai yi, ƙasa yake kallo kamar mai neman allura.

"In Gwaggo ta ce hwara ta fa?"

"Haba masoyiya... ai sai mu yi haƙuri da juna."

"Innarka ma hakanan ka yi haƙuri da ita? Wata nawa rabonka da ɗakinta?"



Tausayin da take ji masa ya tsinke, raini ya maye gurbinsa. Ta tuɓe takalmi, ta dangwara ƙafa a tokar.

"Ga ta nan! Ita kaka so, sai ka aure ta. Ni za ni wurin Baba in ce na hwasa."

Ta shige. Ko kiranta bai yi ba. Ta kafar ƙyaure ta hango shi durƙushe, yana kare sawun da hularsa kada iska ta taɓa.

Gwaggo Tani ta dogaro sanda, ta duƙa, ta daɗe tana dubawa.

"Kai, wagga ƙahwa ta arziki ta! Maza riƙe ta, ɗan nan!"

"Bara'atu! Alhamdu lillahi! Kin ci, rabin raina... hito ki ji!"

Hawaye na zubo mata, don har lokacin tana sonsa. Ta share, ta fito da tsintsiya, ta share tokar tas a gabansa. Sannan ta rufe ƙofa.