Ma'aunin Zafin da Ya Kauce

Ranar da ya fara ganinta tana tsaye a ɗakin gwajin injina, abin toshe kunne rataye a wuyanta, idanunta sun yi ja don gajiya. Shi makanike ne, aikinsa ɗaura ma'aunan zafi a jikin injin jirgin sama kafin a kunna. Ita injiniya ce. Shekara uku tana neman yadda zafin da ke fita da hayaƙi zai dawo ya ɗumama iskar da ke shiga, don injin ya rage shan mai.

"Malam Sifana, hannunka dai ba ya rawa ko?" ta tsokane shi, ganin sifanar kwance noti a hannunsa.

"Sai in kina kallona, Injiniya."

Daga nan zance ya ƙullu. Babanta ya ce ba zai ba makanike 'yarsa ba, ga abokin aikinta mai digiri biyu yana ta zarya. Da Umma, mahaifiyarta, ta matsa, ya sassauta: in ta kammala binciken, a zo a yi magana.

Gwaji na sha ɗaya ya yi kyau fiye da zato, har ta yi kukan murna. Washegari yana kwance wayoyi ya ga ma'auni ɗaya ya kauce da faɗin yatsa, ya jingina da ƙarfen da ya fi zafi. Shi ya ɗaura shi, kuma ba wanda ya lura. Ya zauna da sifana a hannu. In ya yi shiru, aure nan da wata biyu. In ya faɗa, aikin ya koma baya, wataƙila ita ma ya rasa ta.

Ya tura mata saƙo: "Masoyiyata, lambobin jiya ba gaskiya ba ne. Kuskurena ne. Ki yafe mini."

Kwana tara ba amsa. In sun haɗu a ƙofa sai ta sunkuyar da kai ta wuce. Ran na goma saƙonta ya shigo: "Na gaji, Sifanata. Gobe ƙarfe takwas za mu sake gwajin. Kai za ka ɗaura."

Wata bakwai suka ƙara. Sakamakon bai kai rabin na farko ba, amma na gaske ne.

Babanta ya aika a kira shi. "An ce da bakinka ka rushe mata aiki?"

"Ni ne, Baba."

"Alhali ka san sharaɗina?"

"Na sani."

Tsohon ya ce, "Je ka turo manyanka."

Ranar biki Umma ta haɗa hannuwansu, duk biyun da tabon ƙunar injin. "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya. Ya kuma ba ku hutu, 'ya'yan nan."

Suka amsa da amin a tare.