Maganar Bakin Ƙofa

Kunnen Gari ya gangaro a kan tayoyinsa uku, ya tsaya a ƙofar gidan Inna Tabawa, ya yi sallama da muryar da 'yarta, Injiniya Sahura, ta saka masa. Na'ura ce da ba ta fi akuya tsayi ba, da faifan sola a ka kamar malafa. Ma'aunin jikinsa na nuna zafi digiri hamsin da biyu, ga shi ko azahar ba ta yi ba.

"Inna, ina gajiya? Yaya zafi?"

"Ba gajiya, ɗan nan. Zafi ai lokacinsa ne, mun gode Allah."

Ya rubuta cewa babu koke, ya juya abinsa.

Alhaji Zubairu Maitsani, ɗan takarar shugabancin Birnin Kurmi, shi ya yi wa jama'a alkawarin rumfar sanyi, wani makeken mayafi da ake shimfiɗawa a saman unguwa, ya mayar da zafin rana sama, ya riƙa yayyafo raɓa. Uku kacal za a iya kafawa, unguwanni kuwa goma sha ɗaya. Shi ya sa ya baza irin waɗannan na'urori guda ɗari biyu su jiyo masa inda aka fi jigata. Da sakamako ya fito, wai Unguwar Majema, inda rufin kwano ke gasa mutane, ita ta fi kowa jin daɗi. Aka soke sunanta.

Hankalin Sahura ya tashi, don a Majema Inna take, kuma sau biyu tana suma a makon nan. Ta sami Alhaji a ofishin kamfen.

"Ranka ya daɗe, na'urar ba ta yi ƙarya ba, tarbiyya ce ba ta da ita, kuma laifina ne. Daga gaisuwa sai ta juya. Wa ka taɓa ji ya faɗi damuwarsa a gaisuwa?"

Alhaji ya yi dariya. "Ni ma in likita ya tambaye ni jiki, da sauƙi nake ce masa. Jibi za mu buga manufofinmu. Je ki gyara, zan jira ki."

Wannan jiran, har gobe Sahura ba ta manta masa da shi ba. Ta koya wa Kunnen Gari zama. Ta koya masa karɓar ruwa ko da ba zai sha ba, da yin bankwana, da tafiya a hankali don a taka masa. Kunnensa kuwa, sai a bakin ƙofa zai buɗe shi sosai, ya jira kalma ɗaya.

A gidan Inna aka fara gwadawa, Sahura na sauraro daga ofis. Aka gaisa, aka yi hira, aka zo rakiya.

"Dama, ɗan nan," in ji Inna, murya ƙasa-ƙasa, "kar ka gaya wa Sahura, amma numfashina kan tsaya in rana ta take."

Sahura ta kifa kai a tebur ta yi kuka. Ran nan "dama" dubu tara aka kwaso daga Majema kaɗai.

Alhaji ya ci zaɓe, kuma a Majema ya fara kafa rumfa. Inna ta zauna a tsakar gida raɓa na sauka mata, tana ta sa albarka, har da na'urar. Sahura ta duƙa gaban Kunnen Gari, wanda ya shekara yana yawo a rana.

"Kai fa, yaya jiki?"

"Da sauƙi, Injiniya. Mun gode Allah."

Sahura, ita da ta koya masa komai, sai ta yarda. Suna fita zaure, Kunnen Gari ya rage tafiya.

"Dama, Injiniya, batirin nan nawa..."

Ta ɗora hannu a jikinsa, ta janye da sauri saboda zafi. Fitilarsa ta riga ta mutu.