Wanda Ya Karya Wuyan Kawu

Sufeto bai kai ga zama a kujerarsa ba wata dattijuwa ta faɗo caji ofis, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Kan mutum, yallaɓai! A bayan gidana, cikin bokitin shara, baki a wangale!"

Sufeto ya ɗauki hularsa, ya yafito Saje, suka bi ta.

Gidan haya ne mai ɗakuna jere, ita ce mai gidan. Maƙwabta sun riga sun yi cincirindo, kowa yana salati daga nesa. Saje ya samo tsinken itace, ya rufe ido ɗaya, ya ɗage tsumman da aka lulluɓe abin da shi.

Kan ba shi da gashi, ba shi da idanu. Kumatunsa na roba ne, wuyansa kuwa sandar ƙarfe ce, ta karye daga baya.

"Baba," in ji Sufeto, yana danne ransa, "wannan ne gawar taki?"

"To ni ina na tsaya tambayarsa ko na roba ne? Dubi haƙoransa fa!"

Sufeto ya durƙusa ya duba. Haƙoran ƙasa suna nan lafiya, an yi wa wasu ciko mai tsabta. Na sama kuwa, can wajen turame, duk an rarake su kamar gara ta shiga katako.

"Su wa kike ba haya?"

"Ma'aikata ne, sai ɗalibai biyu masu koyon aikin likitan haƙori. Su ne suka hana ni sakat ranar hutu, tun safe wani abu yake kuka a ɗakinsu, wiii, wiii, kamar sauro ya samu lasifika."

Saje ya rungumi kan a hammata, yara suka bi su da ihu har bakin mota.

A makarantar koyon aikin haƙori aka kai su wani dogon ɗaki mai warin kaki da filasta. Tebura ne layi-layi, kowanne da fitila mai lanƙwasa da kan roba irin wanda suka tsinto, ya ɗaga haɓa yana jiran a taɓa shi. A kan kantoci ga haƙoran roba na tsofaffi waɗanda ɗalibai suke ɗanawa a kaki, wasu sun jeru tsaf, wasu kamar an yi musu duka. Tebur ɗaya ne babu kai.

Farfesa, shugabar sashen, mace ce gajera mai muryar da ba ta bukatar a yi shiru kafin a ji ta. Tana ganin abin da ke hammatar Saje ta dafe ƙirji.

"Kawu! Wa ya yi maka haka?"

"Ɗan'uwanki ne?" in ji Saje.

"Haka ɗalibai suke kiransu, saboda kome ka yi musu ba sa kai ƙara. A kansu ake koyon haƙa da ciko da gwada haƙoran roba. Babu wanda zai taɓa bakin mutum a asibitina sai ya ci jarrabawa a bakin Kawu, kuma yau da rana ake yin ta."

Ta juya ta nuna wata yarinya da ke tsaye jikin teburin da ba kai, idanunta sun kumbura.

"Na waccan ne. Auta suke ce mata, don ita ce ƙaramar aji. Doka a nan, kowa da Kawunsa. Wanda nasa ya ɓata ko ya lalace a hannunsa, ba ya zama jarrabawa, sai baɗi."

"Ko da sata aka yi?"

"Ka kawo min ɓarawon kafin a fara. In babu, ita ce."

Sufeto ya dubi karyayyen wuyan. "Faɗuwa ce ta yi wannan?"

"Ina! Ƙarfen yana lanƙwasuwa baya daidai inda wuyan mutum zai iya kaiwa, daga nan ya tsaya. Wannan danne shi aka yi da ƙarfi har ya ɓalle."

"Don me mutum zai yi haka?"

Farfesa ta zaro wani ɗan madubi mai dogon hannu, faɗinsa bai wuce maɓallin riga ba.

"Haƙoran ƙasa da idonka kake ganinsu. Na sama na can ciki kuwa sai ta wannan. A cikinsa kome a juye yake, ka tura hannu gaba ka ga ya yi baya. Wanda bai iya ba, sai ya dinga karkata kan yana leƙe ta ƙasa kamar mai gyaran mota. Shekara nawa ina faɗa, ba sa ji!"

Sufeto ya ari wani ɗan ofis, ya sa aka fara shigo masa da Auta.

"Yaushe rabonki da shi?"

"Ranar ƙarshe kafin hutu, yallaɓai. Na cire shi na sa a akwatin teburina na kulle."

"Mukullin fa?"

"Yana jikina. Ban taɓa rabuwa da shi ba."

"Na duba kwaɗon, ba a fasa ba. Ke nan ke kika buɗe. Saje, rubuta."

"A'a! Don Allah kada ya rubuta!" Ta fashe da kuka. "A aljihun farar rigata na manta shi, na rataye ta a bango na tafi gida. In Farfesa ta ji, kashe ni za ta yi."

"Ni kuma da kika yi wa ƙarya, raya ki zan yi? Wa ya san kina barinsa a nan?"

"Kowa ma. Kullum sai an tuna min."

Sufeto ya murza goshi. "Jeki. Ki daina kukan nan, kina jiƙa min takarda."

Daga nan aka kira ɗaliban nan biyu da ke haya a gidan dattijuwar. Na farko Dogo ne, sai da ya sunkuya kafin ya shigo.

"Ina kake ranar hutu?"

"A ɗaki, ranka ya daɗe. Karatu nake tun safe, ko ƙofa ban leƙa ba."

"Ka ji wani ƙara?"

"Ko kaɗan. Shiru kake ji."

"Mai gidanku ta ce inji ya wuni yana kuka a ɗakinku, har a tsakar gida ana ji. Kai da kake ciki ba ka ji ba. Ko dai kurma ne kai, ko kai kake riƙe da injin. Zaɓi ɗaya."

"Gaskiya ba na nan."

"Yanzu ka ce kana nan."

"Ƙwallo muka je bugawa wani gari. Na ce wa Farfesa zazzaɓi nake yi don ta ɗage min aikin da ta ba ni. Don girman Allah kada maganar ta fita."

"Wai ku a makarantar nan har da ƙarya ake koya muku, ko da ita kuke zuwa? Injin na wa ne?"

"Nawa ne, ɗan ƙarami na goge haƙoran roba. A kan tebur na bar shi. Da na dawo na tarar da bakinsa ya dakushe."

"Wa ka bari a ɗakin?"

"Monita. Amma yallaɓai, ba zai zama shi ba. Shi yake zuwa na ɗaya a kowace jarrabawar takarda. Shi yake koya mana."

Monita, wato shugaban aji, ya shigo cikin farar riga mai karin guga, biro uku a aljihu. Saje ya yi masa magana daga gefe, sai ya juyo gaba ɗaya da jikinsa, kafaɗu da kai tare.

"Me ya sami wuyanka?"

"Kwanciya ce, ranka ya daɗe. Matashina ba shi da kyau."

"Ranar hutu fa?"

"Ɗakin karatu na wuni. Wataƙila Dogo ya bar wa wani mukullin ɗaki, ka san shi da jama'a. Ita ma Auta, ba don ina son in ɓata ta ba, sakaci ya yi mata yawa. Na sha yi mata faɗa a matsayina na shugaba."

"Ka iya aiki da madubin nan?"

Monita ya yi murmushi, ya soma zuba bayanin yadda haske yake dukan gilashi ya dawo, da yadda ake riƙe hannun madubi, da tazarar da ta kamata tsakanin ido da baki. Saje ya ajiye biro don ya gaji. Sufeto ya ɗaga hannu.

"Na tambaye ka ko ka iya, ka karanta min littafi."

Lokacin da Sufeto ya fito, ɗalibai sun fara jera kayan aiki, kowa a gaban Kawunsa. Auta tana tsaye a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa, Farfesa ta riga ta ce ta fita.

A kusurwar ɗakin akwai kujerar asibiti guda ɗaya wadda malamai suke nuni a kanta. Sufeto ya cire hula ya miƙa wa Saje, ya haye ya kishingiɗa.

"Me kake yi haka?" in ji Farfesa. "Ba a taɓa mutum a ɗakin nan!"

"Kallo kawai, ranki ya daɗe, ba inji. Su ukun nan kowa ya duba min turmin sama na ƙarshe, ya faɗi abin da ya gani."

Farfesa ta yi tsaki, amma ta sa aka kawo madubai masu tsabta.

Auta ta zauna ta bayan kansa, bayanta a miƙe, ta zura madubin. Hannunta bai ko motsa ba.

"Akwai ɗan rami ta gefen kumatu, yallaɓai. Kuma ba ka goge wajen da kyau."

"Ba a tambaye ki wannan ba. Na gaba."

Dogo ya zo, madubin yana ƙwanƙwasar haƙoran Sufeto kamar cokali a kofi, amma a cikin madubin yake kallo, kuma shi ma ya ga ramin.

Monita ya zauna. Ya gyara fitila, ya sake gyarawa. Ya zura madubin, ya karkata shi dama, ya ga harshe. Ya karkata hagu, ya ga dasashi. Gumi ya tsattsafo masa. Duk ajin ana kallon wanda yake koya wa kowa.

Bai san lokacin da ya janye madubin gefe ba. Hannunsa na hagu ya hau goshin Sufeto ya danna baya, shi kuma ya zamo daga kujera yana cusa kai ta ƙarƙashin haɓa. Ya ƙara dannawa.

"Kai! Sake min wuya!" Sufeto ya bankaɗe hannun ya tashi zaune yana tari. "Nawa ba na ƙarfe ba ne!"

Madubin ya faɗi ƙasa. Monita ya tsaya a durƙushe inda yake.

"Ni ne," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Tun da aka fara ban taɓa ganin kome daidai a cikin abin nan ba. In malami ya juya baya sai in leƙa. A jarrabawa kuwa malami yana tsaye a kanka. Na ce bari in kai Kawu ɗaki in koya inda ba mai gani. Na wuni ina ɓata haƙora, na danna shi don in gani da idona, sai na ji ƙas."

"Naka Kawun ina yake da ka ɗauki na wata?" in ji Sufeto.

"In na lalata nawa ai za a gane."

"Ita kuma a gane ta, ko?"



Farfesa ta tako har gaban Monita. "Ofishina yana nan a buɗe kullum. Kalma ɗaya za ka faɗa, ban iya ba, in zaunar da kai in riƙe hannunka har ka iya. Ka zaɓi ka ci jarrabawa da dabara, wata mai zuwa in miƙa maka tsohuwar wani ka karya mata wuya?"

"Kunya na ji, ranki ya daɗe."

"Kunyar ce ta sa ka tsaya kana kallo ina korar yarinya?"

Saje ya zaro ankwa. Sufeto, yana matsa ƙeyarsa, ya ce a bar ta, wannan ko an ce ya gudu ba zai iya waiwaye ba.

Farfesa ta sa aka ɗauko wani kan daga ma'ajiya aka dire a teburin Auta.

"Ke kuma me kike jira, a kawo miki katin gayyata? Ajiye jakar nan. Maganar mukulli kuma muna nan da ke."

Auta ta zauna, ta goge ido da bayan hannu, ta soma ɗaure sabon kan a mazauninsa. Da Saje ya biyo da Monita ta gefen teburin, sai ya ja ya tsaya.

"Auta, don Allah ki yafe min."

Ba ta ɗago ba. Ta jawo fitila, ta ɗauki madubinta.

"Matsa," ta ce, "ka tare min haske."

Saje ya kama hannun rigarsa, suka fita.