Inuwa Ba Bishiya

Gab da magariba maigida ya aiki matarsa bakin kogi ta ɗauko gatarin da ya manta. Da safe ne ya sare tsofaffin bishiyoyin da suka rufe gaɓar. A lissafinsa, inda rana ke taɓa ruwa bado da kainuwa da ciyawa iri-iri ke fita, awakinsa su ƙoshi. Ƙarƙashin inuwar kuwa sai baƙar gansakuka. Ta tuna masa an ce wurin da masu shi, a bari sai gobe. Ya ce gatari ba shi da ƙafa, ita ce mai ƙafa.

Ta miƙa wa surukarta jaririya, ta fita.

Wurin na warin ɗanyen itace da laka. Kututture kawai suka rage, suna tsattsafar da ruwa. Rana ta yi ja, ba abin da ya tare ta.

Amma inuwar na nan a kan ruwan. Da rassanta, da ganyenta, tana kaɗawa ba iska.

Kwaɗi suka yi tsit.

Ta sunkuya kan gatarin. Tata inuwar ta miƙe har ta taɓa ruwa. Sanyi ya kama ta daga dugadugai.

"Baiwar Allah," aka ce ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin tulu. "Rana ta wuni tana ƙona mana 'ya'ya."

"Ba ni na sare ba."

"Mun sani. Amma taki inuwar ce ta zo."

Ta ja da baya. Tata inuwar ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo.

Da rarrafe ta haye gangaren, tana jan ta.

Kafin damina ta fita kogin ya cika da tsirrai, awaki sun yi ƙiba. A gida kuwa, duk shukar da inuwarta ta sauka a kai sai ta ɗashe, ta ruɓe. Ranar da ta gifta ta kan tabarmar jaririya, yarinyar ta wayi gari fari fat, kamar ciyawar da aka kife da kwano. Da ƙyar ta sha.

Surukar ta ɗauke jikarta. Yanzu sai rana ta take tsaka, inuwa ta koma ƙarƙashin ƙafa, ake miƙo wa uwar ita ta shayar a tsaye, a karɓe.

Maigida bai sake ta ba. Ya ce asara ce. Kullum da yamma yana kai ta gona, ya tsayar da ita inda ciyawa ta gagari fartanya.

"Ɗan matsa hagu," yakan ce. "Kar ki taɓa min masara."