Rijiyar Ƙarƙashin Leda

"Daga yau duk wanda ya sake kirana Dogo mai gyaran waya ba zan amsa ba! Landilod za ku riƙa cewa, ko ku bar ni in wuce!"

Dogo ne ke wannan kurari a tsakar gidansu da hantsi, yana juya makullai huɗu a yatsa kamar wanda ya sayi rabin gari. Alhali ɗan tsohon gida ne guda ɗaya a bayan layinsu, wanda ya shafe shekara bakwai yana tara kuɗinsa, zai zuba 'yan haya.

Matarsa Auta tana wanke-wanke a bakin famfo. Ba ta ɗago ba ta ce, "Allah ya ja da ran landilod. Ɗaki na huɗun fa?"

Nan take makullan suka daina kaɗawa.

"Haba Gimbiya, ke kullum sai kin zuba wa mutum ruwan sanyi? Ɗakin lafiyarsa ƙalau. Fenti sabo, leda sabuwa..."

"Ni ba fenti na tambaye ka ba."

Bari in gaya muku abin da ya sa bakin Dogo ya mutu. Gidan nan ɗaki uku ne da shi, sai wata tsohuwar rijiya a kusurwar tsakar gida, mai zurfin da in ka jefa dutse sai ka gaji da jira kafin ka ji ƙararsa. Yayansa, wanda kowa ke kira Yaya Babba, shi ya kawo dabarar a ta da ɗaki a kanta, haya ta zama huɗu. Birkila ya ce sai an cike ramin da ɓaraguzai, a sa rodi, a zuba kankare mai kauri. Yaya Babba ya ce wannan ɓarnar kuɗi ce, ya sallame shi. Suka jera katako a bakin rijiyar, suka shafa siminti kaurin ɗan yatsa, aka shimfiɗa leda mai furanni. Auta ta gani da idonta, ranar da ta kai musu abinci.

Tun daga ranar ba ta ƙara cin abinci ta ji daɗinsa ba.

Ta tsame hannu daga ruwan kumfa, ta matso kusa da shi. "Jiya na shiga ɗakin. Na taka tsakiyar, wallahi sai da ƙasan ya motsa. Ga wani sanyi yana hurowa ta gefen ledar. Kuma malamar makarantar nan da ka ba ɗakin, tagwaye gare ta, ba su wuce shekara huɗu ba. Ka ji tsoron Allah, ka ji tausayina."

Dogo ya sosa ƙeya. Yana son Auta kamar ransa, sai dai tsoron yayansa ya fi ƙarfinsa tun suna yara. Bai kai ga buɗe baki ba aka yi sallama, sai ga Yaya Babba, tumbi a gaba. Ashe ya ji komai daga ƙofa.

"Au! Yanzu ita ce injiniyar gidan?"

Auta ta durƙusa. "Ina kwana, Yaya."

"Riƙe gaisuwarki! Kai kuma kana tsaye kamar sandar lantarki mace tana tsara maka dukiyarka. Ke saurara da kyau. Gobe za a buɗe gidan nan, dangi duk za su zo. In kika kuskura maganar nan ta fito daga bakinki, ni da kaina zan sa ya rubuta miki takarda, ki koma inda kika fito!"

Auta ta dubi mijinta, ko zai ce wani abu. Dogo ya tsura wa silifas ɗinsa ido.

Da la'asar ta tafi gidansu, ta faɗa jikin Mama tana kuka. Mama ta saurara har ƙarshe, ta tafa hannu.

"Ba mu gaya miki ba? Tun farko muka ce mutumin nan ba shi da ta cewa a gaban yayansa. Ki kwaso kayanki yau ɗin nan, kafin a zo a tafi da ku gaba ɗaya!"

"Mama, ba mugu ba ne. Lokacin da na kwanta asibiti kwana tara ya yi a kan benci, ya rufe shago. Tsoro ne kawai ya ci shi."

"To zauna! In ƙasa ta haɗiye 'ya'yan mutane sai ki gaya wa alƙali labarin benci."

Maganar ta soke ta har zuciya. In ta yi shiru, a rasa rai. In ta yi magana, ta rasa aure. Haka ta koma gida, ta sake roƙon Dogo, ya ce ta bari kawai a karɓi hayar farko, zai gyara. Ta ce, "Katako ya san da wannan alƙawarin?" Ya fice abinsa.

Washegari da safe gidan haya ya cika. Ga Abban Auta da Mama, ga dangin Dogo, ga maƙwabta 'yan ganin ƙwaf. Dogo ya sha sabon ɗinki da baƙin tabarau, yana nuna wa mutane banɗaki da mita kamar shi ya ƙera su. Yaya Babba na biye da shi yana ƙara gishiri.

Sai ga Malama ta iso a keke mai ƙafa uku, da katifa da buhunan kaya, tagwayenta sun sha kaya iri ɗaya. Baiwar Allah, mijinta ya rasu bara. Ta karɓi makulli hannu biyu tana ta godiya.

"Allah ya saka da alheri, maigida. Wata uku muna raɓe a gidan mutane."

Ana buɗe ƙofa yaran suka zille, suka ruga tsakiyar ɗakin. Sabuwar leda ta burge su, suka hau tsalle suna dariya. Auta na tsaye a bakin ƙofa. Ta ji ƙasan na amsawa, kwam! kwam! kamar ana dukan gangar da ba komai a ciki. Ta ga ledar ta ɗan lotsa. Ta waiga, Yaya Babba ya zare mata ido. Ta dubi Dogo, gumi na tsiyaya daga ƙarƙashin tabarau, amma sai ya kau da kai.

Ba ta san lokacin da ta faɗa ɗakin ba. Ta sunkuci yaran ɗaya a kowane hannu, ta fito da su tana ihu.

"Rijiya ce! Wallahi rijiya ce a ƙasan! Katako kawai aka sa! Malama, kada ki kwana a nan!"

Mutane suka ja da baya. Malama ta rungume 'ya'yanta.

"Ƙarya take!" in ji Yaya Babba. "Baƙin ciki take da arzikin mijinta! Kai, ka ga matar da ka ajiye? Nuna musu, sannan ka sallame ta a nan!"

Dogo ya dubi jama'a, ya dubi surukinsa. Kunya ta rufe masa ido. Ya shiga ɗakin da wata dariyar dole.

"Jama'a, ku kwantar da hankali! Ɗakin nan ko tirela..."

"Kar ka taka!" Auta ta ƙwalla.

Ya daka tsalle ya dira da ƙafa biyu.

Ƙarass! Landilod ya nutse har hammata, da leda da komai. Gwiwoyin hannunsa ne kawai suka maƙale a sauran katakon. Aka ji takalminsa ɗaya yana tafiya, yana tafiya, can da nisa ya ce tsulum.

Mata suka sa salati. Katakon na ƙara, ba wanda ya iya matsawa. Yaya Babba kuwa tuni ya tuna yana da wani uzuri a kasuwa, sai bayan rigarsa aka hango a ƙofa.

Auta ce ta kwanta rub da ciki, ta ja jiki a hankali ta damƙe wuyan hannunsa. Abba ya riƙe ƙafafunta, maƙwabta suka ruga neman tsani.

"Gimbiya, kar ki sake ni!" Dogo na kuka wiwi, tabarau ya karkace a hanci. "Jama'a ku shaida, gaskiyarta ce! Sau nawa tana roƙona! Malama ki yafe mini! Abba ku yafe mini!"

"Daina motsi, ka yi numfashi," in ji Auta, hawayenta na ɗiga a goshinsa. "Ina nan. Ba inda zan je."

Mama ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Riƙe shi da kyau, Auta. Naki ne, kin biya kuɗinsa da haƙuri."

To 'yan'uwa, wanda zai fara ba da haya ya sani, ba ɗaki kawai yake miƙa wa mutane ba, rayukansu yake karɓa amana. Kuma in Allah ya ba ka mai gaya maka gaskiya tana kuka, ka saurare ta tun kana tsaye da ƙafafunka. Shi dai Dogo a rataye ya gane haka, rabinsa a rijiya, duk unguwa na leƙe ta taga.