Ƙwaƙwalwa ta Biyu

Gyaran rediyo na fara. Da rediyo ya ja baya na koma kwamfuta, hannu ya koya mini abin da aji bai koya mini ba.

Autata tana sayen hannun jari tana sayarwa daga ɗakinta, da shi take riƙe 'ya'yanta tun rasuwar mijinta. Kwamfutarta ta tsufa. Kasuwa na buɗewa sai ta daskare, kafin ta farfaɗo farashi ya wuce. Rannan ta ce, "Baba, manhajar nan ta fi ƙarfin ƙwaƙwalwa ɗaya. Mai biyu nake so, ko in bar sana'ar."

Na ce, "Ba za ki bari ba."

Na samo babban allon cikin kwamfuta mai gurbi biyu, na samo ƙwaƙwalwa ɗaya. Amma dokar aikin ita ce su zama tagwaye, lamba ɗaya, ƙarfi ɗaya. In ka haɗa bare da ɗan gida, allon ko tari ba zai yi ba. Na zaga kasuwar kayan gyara ban dace ba, sai gab da magariba na faɗa shagon wanda muke kira Mai Tarkace.

Ya duba lambar ƙwaƙwalwar da na kawo, ya miƙo mini abata da sauri.

"Akwai irinta, Tsoho. A ɗakin ƙasa. Kayan wani kamfanin dillalan hannun jari ne da ya rushe, na kwaso. Ka dawo da safe."

"Da safe kasuwa za ta buɗe."

"Ni dai ba na sauka can in rana ta yi ja."

"Tumbinka ne ba ya shiga ƙofar. Ba ni makulli."

"Taurin kai sai ka ce jakin mai itace," ya ce. Amma ya bayar.

Na sauka da tocila da sukurdireba. Ɗakin na warin ƙura da ƙonanniyar roba, a ƙarƙashinsu kuma wani ƙauri kamar gashi ya taɓa wuta. Matattun kwamfutoci jibge har rufi. Daga can ƙurya na ji fanka na juyi.

Guda ɗaya ce a kunne. Lambobi ja da kore suna gudu a fuskarta. Gabanta kujera, babu kowa a kai.

Ba a taɓa cikin na'ura tana aiki. Ko ɗan koyo ya san wannan. Na tsuguna na bi wayarta da hannu don in zare daga bango. Na bi, na bi, sai ga kan wayar a tafina. Ya yi tsatsa. Ba a jone yake da komai ba.

Kujerar ta yi ƙara. Ta juyo ta fuskance ni.

"Kasuwa ba ta tashi ba," in ji wata murya, ƙasa ƙasa, dab da kunnena.

Na ambaci sunan Allah, na miƙe.

"Ta tashi," na ce. "Kamfanin ma ya tashi."

"Muna ciniki."

"Kuna da biyu. Ɗaya nake so."

"Ba a raba tagwaye, ɗan Adam."

"Marayu gare ni a gida. Matsa."

Na kwance murfin. Tocila ta mutu.

Ban damu ba. Hannuna ya san hanya. Na lalubo ƙarfen da ke sanyaya ƙwaƙwalwar, na sa sukurdireba. Madannan rubutu suka hau bugun kansu, kamar ƙanƙara a kan kwano.

Numfashi a ƙeyata. Mai sanyi.

Ƙarfen ya kamata ya ƙona ni. Sanyinsa ne ya manne mini a fata.

Na cire ƙarfen, na ɗaga maƙallin da ke riƙe da ƙwaƙwalwar.

Duk fankokin ɗakin suka tashi lokaci ɗaya, har na matattun.

Na cafke ƙwaƙwalwar da yatsu biyu, na zare.

Wani abu ya riƙe wuyan hannuna. Yatsunsa sun yi yawa.

"Ajiye."

"Na ƙi."

Na fizge, na yi matattakala. Ina hawa tana ƙaruwa. Ƙafata ta zame, aka ja bakin rigata ta baya har ta yage. Na jefa ƙwaƙwalwar a aljihu, na rarrafa. Sai hannun Mai Tarkace a wuyan rigata, ya finciko ni waje, ya banko ƙofa ya jingina da ita yana haki.

"Ka samo?" ya ce.

Na buga aljihuna.

"Allah ya shirye ka, Tsoho."

Kafin kasuwa ta buɗe na dasa ta kusa da 'yar'uwarta. Allon ya karɓa. Tun daga ranar kwamfutar Auta ba ta sake daskarewa ba, jikokina suna makaranta.

Yatsun nan biyu sun koma launin toka, ko allura ka soka ba na ji. Na daina ƙananan ayyuka. Mai Tarkace ya sa an toshe ƙofar ɗakin da bulo, in ya hango ni sai ya sauya hanya.

Auta ba ta san komai ba. Ta dai ce wani lokaci, in ta kashe na'urar da magariba, fankar ƙwaƙwalwa ta biyu ba ta tsayawa. Na ce mata iska ce, ta je ta ji da yara.

In ta fita sai in zauna gaban na'urar, in harɗe hannu. Fankar na juyi, ina kallo. Wanda ya fara gajiya ya haƙura.

Har yau ba ni ba ne.